Yaron IT ya ce a kashe manhajar kasafin kuɗi, darakta ya ce sai bayan Disamba. Wa zan bi?

Akanta_Wuse2
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da damuwa a wurin aiki, ina son waɗanda suka san harkar kwamfuta su fahimtar da ni, don ni akanta ne, iyakata lissafi.

Kamfaninmu na amfani da IBM Planning Analytics wajen tsara kasafin kuɗi, wadda tsofaffin ma'aikata ke ce wa TM1. A ciki muke zuba hasashen kuɗin shiga, albashi, kuɗin dizal, hayar ofisoshi, komai na shekara mai zuwa. Wata uku ke nan da aka ɗauki sabon yaro a sashen IT. Shekaranjiya ya shigo ofishin daraktan kuɗi fuska a murtuke, ya ce sigar da muke kai tana da ɓaraka tun 2019, wai mutum daga ko'ina zai iya shiga a matsayin admin, mai cikakken iko a kanta, ba tare da kalmar sirri ba. Yana so a kashe sabar, wato babbar kwamfutar da manhajar ke zaune a kai, daga yammacin Juma'a zuwa safiyar Litinin ya ɗora sabuwar siga.

Darakta ya ce ko kusa. Kasafin 2026 zai je gaban daraktoci makon farko na Disamba, ga rassa huɗu ba su gama shigar da nasu ba. Ya ce abin da ya kusa shekara shida bai kashe mu ba, sati uku ba za su kashe mu ba.

Ni dai zuciyata ta fi karkata ga darakta, don in abu ya lalace ni zan kwana a ofis. Amma yaron bai yi kama da mai wasa ba. Abin ya kai haka, ko zumuɗin sabon ma'aikaci ne? Ga hoton abin da ya nuna mana.

Admin
Wa alaikumus salam. Malam, na goge hoton. Adireshin sabarku na nan ɓaro-ɓaro a samansa, kuma ba kowa da ke zauren nan muka sani ba. Kada ka ambaci sunan kamfanin, kada kuma wani ya tambaye shi. Ku ci gaba.

Akanta_Wuse2
Subhanallah, ban lura ba wallahi. Na gode Admin.

Injiniya_Kubwa
Yaron nan ku riƙe shi hannu bibbiyu. Abin da yake magana a kai lambarsa a jerin ɓarakokin manhajoji CVE-2019-4716, IBM da kanta ta sanar da shi a Disamban 2019. Ya shafi siga 2.0.0 har zuwa 2.0.8, an toshe shi a 2.0.9.

Ga yadda yake. Manhajar na karɓar umarnin canza saitinta daga wanda bai ma gabatar da kansa ba. Sai mai kutse ya canza saitin da ke tantance masu shiga, ya mayar da tantancewar wurin wata kwamfuta tasa, ita kuma ta ce ai wannan admin ne. Kamar baƙo ya zo ƙofar ofishinku, maimakon ya nuna katin shaida, sai ya miƙa wa maigadi sabuwar takardar sunayen waɗanda aka yarda su shiga, sunansa a sama, maigadi ya karɓa ya buɗe masa har da gaisuwa.

Kuma abin bai tsaya nan ba. TM1 na da hanyar ba kwamfutar da take zaune a kai umarni kai tsaye. Wanda ya zama admin a cikinta, sabar gaba ɗaya ta zama tasa.

Akwai ma'aunin da ake auna munin irin wannan da shi, CVSS, daga 0 zuwa 10. Daga 9.0 zuwa sama shi ne ajin ƙarshe. Wannan 9.8 ne. Hukumar tsaron intanet ta Amurka, CISA, ta sa shi a jerin ɓarakokin da aka tabbatar ana kutse da su tun Nuwamban 2021.

Tambaya ɗaya gare ka Malam Akanta: kana iya buɗe manhajar daga gida, ko sai a ofis?

Akanta_Wuse2
Daga gida ma ina buɗewa, a Lugbe nake. Lokacin kullen korona a 2020 aka buɗe mana don mu yi aiki daga gida, tun daga nan haka take.

Injiniya_Kubwa
Sai ka kunna VPN tukun, wato rufaffiyar hanyar da ke shigar da kai cikin sadarwar ofis?

Akanta_Wuse2
A'a, kai tsaye nake shiga. Suna da kalmar sirri kawai.

Injiniya_Kubwa
Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

DanTerminus
Haba Injiniya, ka tsorata bawan Allah. Ku 'yan IT haka kuke, kullum duniya za ta tashi gobe. Wane ɗan Rasha ne ya san da wani kamfani a Wuse? Mutanen nan bankunan Amurka suke nema masu daloli, ba kasafin dizal ɗin janareta ba. Darakta ya yi gaskiya, shekara shida lafiya lau.

Sadiya_Gwarinpa
DanTerminus, ba wanda ke zama ya zaɓi kamfani da suna. Na'ura suke sakewa tana ƙwanƙwasa kowane adireshi da ke intanet dare da rana, duk ƙofar da ta amsa sai a rubuta ta. Akwai ma shafin Shodan, aikinsa ke nan, ka rubuta sunan manhaja ya jero maka sabobin da ke buɗe ƙasa-ƙasa. Na'urar ba ta san Wuse ba, ba ta san Landan ba. Kuma wannan ɓarakar ta TM1 an daɗe da sa ta cikin Metasploit, kayan aikin da ɗalibi ma zai sauke kyauta. Ba sai gwani ba.

Batun "shekara shida lafiya lau" kuwa, da me aka auna lafiyar? Wanda ya shiga ba ya yin sallama.

DanTerminus
To da sun shiga ai da an ga kuɗi sun ɓata.

Hajiya_Odita
Ɗana, bari in shigo nan, don wannan fagena ne. Gaskiya ne manhajar kasafi ba ta riƙe ko kwabo, ba a tura kuɗi daga cikinta. Amma tsaya ka ga abin da ke ciki. Albashin kowa, daga manajan darakta har direba. Sunayen 'yan kwangila da nawa ake biyansu da watan da ake biya. Ribar da ake sa ran samu a kowane kaya. Shirin rage ma'aikata da ba a sanar ba. In kamfani na neman bashin banki, alƙaluman da za a kai bankin daga nan suke fitowa.

Na biyu, wanda mutane ba sa tunawa: manhajar kasafi ba ita kaɗai take zaune ba. Kullum tana janyo alƙaluma daga manhajar lissafi da ta albashi. Da me take shiga can? Da suna da kalmar sirri da aka adana mata a ciki. Sau da yawa in na je bincike sai in tarar mai kwangilar da ya haɗa abin, don gudun wahala, ya ba ta izinin komai a rumbun bayanan lissafi. Wanda ya kama wannan sabar ya samu makullin ɗakin da ke kusa.

Na uku shi ne ke hana ni barci. Ba sai ya saci komai ba. Ya canza lamba ɗaya a hasashen farashin dala, ko ya taɓa wata ƙa'idar lissafi a can ƙasa, daraktoci su zauna su yanke hukunci a kan ƙarya, su sa hannu. Wa zai gano? Ni odita na kan bi takarda zuwa tushenta, amma in tushen ne aka taɓa fa?

Abu_Hanif
Hajiya ta gama magana. Mu a wurin aikina na da, a Garki, imel aka aiko wa sashen biya da sunan wani ɗan kwangilarmu, wai ya canza asusun banki. Adadin daidai, lambar takardar biya daidai, har watan da ya kamata a biya shi. Aka biya. Bayan sati biyu mutumin ya zo da kansa yana tambayar kuɗinsa. Har na bar wurin ba a gano ta ina bayanan suka fita ba, amma wanda ya rubuta imel ɗin nan ya ga littafinmu.

Ummu_Khalil
Ni fa na ɗauka wannan ne abin da aka yi ta magana a kai watan jiya, wanda ya shafi Jami'ar Harvard. Ba shi ba ne?

Sadiya_Gwarinpa
A'a Anti, wancan na manhajar kamfanin Oracle ne, E-Business Suite, CVE-2025-61882. Shi ma 9.8. Oracle ta fitar da facin gaggawa ranar 4 ga Oktoban 2025, amma masu bincike na Google sun ce tun watan Agusta ake shiga ta wurin. Gungun masu kutse na Cl0p ne, su ne suka yi ta'asar manhajar tura fayiloli ta MOVEit a 2023. Ba su ma kulle kwamfutocin ba, bayanai suka kwashe shiru, sai ƙarshen Satumba shugabannin kamfanoni suka fara samun imel: ku biya ko mu watsa. Harvard ta amsa cewa abin ya shafe ta, jaridar Washington Post ma haka.

Bambancin da ke tsakani shi ne abin dubawa. Su an shige su tun kafin a samu faci, ba yadda za su yi. Su Malam Akanta facinsu na ajiye tun 2019.

Akanta_Wuse2
Ai labarin Oracle ɗin ne ma ya sa yaron ya zauna ya duba duk manhajojinmu ɗaya bayan ɗaya. Haka ya gaya mini.

Ummu_Khalil
Gemun ɗan'uwa ya kama da wuta ya shafa wa nasa ruwa. Allah ya yi masa albarka.

Baba_Leja
Ni na yi ritaya, amma ina karanta ku. Lokacin da na fara aiki a Jos, kasafin kuɗi a babban littafi muke yi mai jan bango, da biro da rula. In an tashi a sa shi a akwatin ƙarfe, makulli ɗaya wurin babban akanta, ɗaya wurin manaja. Wanda zai saci alƙalumanmu sai ya zo Jos da ƙafarsa, ya sha sanyin Disamba, ya haura katanga, ya wuce kare. Yanzu kun ce mutum na kwance a ɗakinsa a wata ƙasa yana karanta albashinku. Wannan ci gaban mai haƙan rijiya ne.

Mai_Excel
Baba ranka ya daɗe, shi ya sa mu muka tsaya a Excel. Ba saba, ba lasisin dala, ba CVE.

Hajiya_Odita
Mai_Excel kada ka sa ni dariya. Fayil ɗin da ake turawa ta WhatsApp, kowa da nasa, "kasafi na ƙarshe", "kasafi na ƙarshe na gaske", "na ƙarshe wanda oga ya gyara"? Wanda ke cikin filashin direba da aka aika ya kai Banex a buga? Kai ba ka buƙatar ɗan kutse, da hannunka kake rabawa.

Baba, ina gaisuwa. Amma littafi mai jan bango ma mun ga wanda aka yage masa shafi.

Baba_Leja
Hajiya kin yi gaskiya, mun ga wanda gobara ta tashi a ofishinsa daren da odita zai zo. Allah ya kyauta.

Manaja_Jabi
Bari in tsaya wa daraktan nan, tunda na ga kowa ya taso masa. Ni kujerar da yake kai nake kai a wani wuri, na san abin da yake ji.

Shekara biyu da suka wuce mutanen IT ɗinmu suka ce a ba su Asabar da Lahadi su sabunta manhajar kasafinmu. Muka ba su. Ranar Litinin rahotannin da muka shekara uku muna ginawa rabinsu ba sa buɗewa, abin da ke haɗa manhajar da Excel ya daina aiki a kwamfutocin rassa, mai kwangilar da ya haɗa mana tun farko ya ce yana Legas sai an biya kuɗin jirgi da otal. Kwana tara muka yi. Wanda ya tsaya gaban shugaban kamfani yana ba da haƙuri ni ne, ba injiniya ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya ga ɓaraka ta 2019 a tsakiyar Nuwamba, sati uku kafin zaman daraktoci, ya ce lallai sai wannan Juma'ar, bai san yadda kamfani ke numfashi ba. Kuma tsallake daga tsohuwar siga irin wannan ba faci ba ne kamar na taya, kusan canza inji ne.

Injiniya_Kubwa
Yallabai, maganarka akwai gaskiya, kuma a nan yaron ya yi kuskure. Ya haɗa abu biyu ya mai da su ɗaya, shi ya sa darakta ya ƙi duka.

Abu na farko: rufe ƙofar waje. Wannan aikin minti talatin ne a katangar tsaro da ke tsakanin ofis da intanet, ba ya taɓa manhajar ko kaɗan, ba rahoton da zai lalace. A cire sabar daga intanet, mai son shiga daga gida ko daga reshe ya bi ta VPN. Wannan yau ya kamata a yi shi, ba Juma'a ba.

Abu na biyu: ɗora sabuwar siga. Wannan shi ke buƙatar shiri. A yi kwafin sabar a gefe, a ɗora sabuwar a kan kwafin, su Malam Akanta su gwada rahotanninsu ɗaya bayan ɗaya, a ga alƙaluma sun yi daidai da na tsohuwar, sannan a sa rana. Abin da ya same ku a Jabi, na tabbata a kan sabar aiki aka yi gwajin kai tsaye.

In an yi na farko, na biyu zai iya jiran Disamba, ko da yake ba da daɗin rai ba.

Manaja_Jabi
A kan sabar aiki aka yi, ba mu da ta gwaji. Na nemi kuɗinta sau biyu a kasafi aka soke.

Injiniya_Kubwa
To ka gani.

Sadiya_Gwarinpa
Ban yarda da "zai iya jiran Disamba" gaba ɗaya ba, Yaya Injiniya. Rufe ƙofar waje na hana baƙo ne kawai. Duk kwamfutar da ke cikin ofis har yanzu tana iya kaiwa ga sabar. Sakatariya ta buɗe imel mai ɗauke da cuta, shi ke nan an shigo ta taga. Aƙalla a taƙaita, kwamfutocin sashen kuɗi kaɗai su riƙa ganin sabar.

Sannan akwai na cikin gida. A Janairun 2023 SAP, mai ƙera manhajoji kamar IBM, ta toshe wata ɓaraka a tata manhajar kasafin, Business Planning and Consolidation, ta ba ta 9.9. Irin wadda ake cusa wa rumbun bayanai umarni ta gurbin da aka tanada don rubuta bayani ce, kamar a ba ka fom ka rubuta sunanka, ka rubuta "a buɗe mini duk durowoyi", magatakarda kuma ya bi. Ita wannan, ko ƙaramin asusu ya isa a yi ta da shi. Yanzu Malam Akanta, 'yan bautar ƙasa nawa suka wuce ta sashenku tun 2020? An rufe asusunsu?

Akanta_Wuse2
Kada ki tona mana asiri. Akwai asusu ɗaya da duk ɗan bautar ƙasa ke gada daga na gabansa. Kalmar sirrin na manne a jikin kwamfutar.

DanTerminus
Wannan kam ko ni na san ba daidai ba ne.

Nura_Bukuru
Ni tambayata daban. Me ya sa aka bari tun 2019? Ba haka kawai ba ne. Ina kyautata zaton kuɗin sabunta lasisi aka daina biya. In ba ka biyan kuɗin tallafi na shekara, ba za ka iya sauke sabuwar siga daga wurin kamfanin ba. Kuma da dala ake biya. Kafin Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa ƙarshen 2025 ta haura 1,400. Kuɗin da kake biya ya ninka uku ba tare da an ƙara maka komai ba. Duk manajan da aka ce ya rage kashe kuɗi, wannan layin yake fara sokewa, don ranar da aka soke shi ba abin da ke mutuwa, manhaja na ci gaba da aiki.

Manaja_Jabi
Nura ka taɓo inda ke ciwo. Ka je gaban daraktoci ka ce a biya miliyoyi don abin da ba a gani, alhali ana bin ku kuɗin dizal.

Mai_Excel
Shi ya sa na ce...

Hajiya_Odita
Kai dai yi shiru.

Aliyu_Cloud
Mafita ita ce a koma sigar da kamfanin ke riƙewa a nasa sabobin. Su ke ɗora faci, kai dai ka biya ka shiga. Zamanin ajiye saba a ɗaki kusa da kicin, ana kashe mata AC in janareta ya yi nauyi, ya wuce.

Nura_Bukuru
Wanda ya kasa biyan dala sau ɗaya a shekara shi za ka ce ya biya kowane wata? Kuma ranar da intanet ya yanke fa? Ka tuna Maris ɗin 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace, bankuna ma sai da suka sha wuya.

Aliyu_Cloud
Kwana nawa aka yi ana wannan? Ka kwatanta da shekara shida ƙofa a buɗe.

Barista_Garki
Ku bar gardamar inda za a ajiye saba, akwai abin da ba wanda ya ambata. Tunda akwai albashi da sunayen ma'aikata a ciki, wannan bayanan mutane ne, dokar kare bayanai ta 2023 ta hau kai. In aka tabbatar an yi kutse mai iya cutar da masu bayanan, awa 72 kamfani ke da shi daga lokacin da ya sani ya sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC. Tarar babban mai riƙe bayanai na iya kaiwa naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa na shekara, duk wanda ya fi yawa. Dokar laifukan intanet ma da aka gyara a 2024 ta rage wa'adin kai rahoto ga ngCERT, cibiyar gwamnati mai kula da kutsen intanet, daga kwana 7 zuwa awa 72.

Shawarata gare ka Malam Akanta, da kai da yaron: ya rubuta abin da ya gani a takarda ko imel, da kwanan wata, ya aika wa darakta, ya sa shugaban kamfani da mai binciken cikin gida. In darakta na son a jira, ya amsa a rubuce cewa ya ji kuma ya ɗauki nauyi. Na sha ganin manya na cewa "a bari" da baki, amma da ka miƙa biro sai ra'ayi ya canza. In ba a rubuta ba, ranar da abu ya fashe yaron za a fara kora, a ce bai faɗa ba.

Abu_Hanif
Barista wannan ita ce maganar. Kamfanin Equifax na Amurka mai ajiye bayanan bashin mutane ma a 2017 haka aka yi, facin ya fito a Maris, ba a ɗora ba, aka shiga a Mayu, bayanan mutum kusan miliyan 147 suka tafi. Shugaban kamfanin sai da ya sauka.

DanTerminus
Kun sake komawa Amurka. A ba mu na gida.

Nura_Bukuru
Ga na gida, tunda kai ɗan Jos ne kamar ni. Wani kamfanin rarraba kaya a nan, ba zan faɗi suna ba, an kira ni wata Litinin da safe. Duk fayilolin sabar lissafi sun canza suna, ga takarda a allo ana neman kuɗin fansa da Bitcoin. Na ce ina kwafin ajiya? Suka ce akwai, kullum da dare ake yi. A ina? A wani faifai da ke maƙale a jikin sabar. Shi ma an kulle shi. Abin da ya cece su wani tsohon akanta ne da ke buga rahoton ƙarshen wata a takarda yana ajiyewa a kwali, ana yi masa dariya. Wata biyu suna sake shigar da lissafi da hannu. Ta ƙofar da aka buɗe wa mai kwangila ya riƙa gyara daga nesa aka shigo, an manta ba a rufe ba.

Baba_Leja
Kun ji ko? Kwali. A gaishe mini da wannan akantan.

DanTerminus
To na sauko, amma ba duka ba. Har yanzu ina ganin masu sayar da kayan tsaro na ƙara wa miya gishiri don a saya.

Sadiya_Gwarinpa
Suna ƙarawa mana, kasuwa ce. Amma rufe ƙofa da canza kalmar sirri ba wanda zai sayar maka, kyauta ne.

Akanta_Wuse2
'Yan uwa ga inda aka kwana. Na nuna wa yaron maganar Injiniya da ta Barista. Ya rubuta imel ɗin jiya da yamma, ya raba buƙatar gida biyu kamar yadda aka ce. Darakta ya kira mu, ya ɗan yi faɗa a kan me ya sa aka sa shugaban kamfani a ciki, amma ya amince a rufe ƙofar waje. An rufe da daddare. Yau da safe reshen Kaduna da na Jos sun kasa shiga, waya ta yi ta ƙara har azahar kafin a gama saita musu VPN. An kuma rufe asusun 'yan bautar ƙasa, an ɓare takardar.

Nura, hasashenka daidai ne. Tun 2021 ba a biya kuɗin tallafi ba. Sabuwar siga sai an biya, kuma kuɗin ba ya cikin kasafin bana. Darakta ya ce in sa shi a na 2026. Ina shigar da shi a cikin manhajar ina dariya ni kaɗai.

Injiniya_Kubwa
Madalla, an yi rabin aiki. Saura tambayar da ta fi wuya: an riga an shiga ko ba a shiga ba? Ya duba rajistar shige da fice ta sabar, ya duba ko akwai asusun da ba wanda ya san shi, ko wani aiki da aka saita yana tashi da kansa da tsakar dare, ko saitin tantancewa ya taɓa canzawa. Duk kalmomin sirrin da manhajar ke shiga rumbun lissafi da na albashi da su a canza su, kamar yadda Hajiya ta nuna.

Akanta_Wuse2
Na tambaye shi. Ya ce rajistar ta kwana 30 ce kawai, tsohuwa na gogewa da kanta don faifan ya cika. A cikin kwana 30 ɗin bai ga komai ba. Amma ya ga wani asusu mai izinin admin da ba na kowa ba ne a cikinmu. Darakta na ganin na mai kwangilar da ya haɗa mana ne a farko. An kira lambarsa, a kashe.

Manaja_Jabi
Da alama nasa ne. Duk suna barin irin wannan don in an kira su gyara.

Sadiya_Gwarinpa
Ko nasa, ko na wanda ya san haka za ku ce. Kada a goge asusun, a dakatar da shi kawai, a ɗauki hoton faifan sabar yadda yake a ajiye. In ni ce, sabuwar saba zan gina daga tushe in kwashe alƙaluma kaɗai in kai can.

Hajiya_Odita
Ni kuma ɗana, kafin ku kai kasafin nan gaban daraktoci, ka ɗauki manyan layuka goma, albashi, dizal, farashin dala, ka lissafa su da hannu a gefe ka gwada da abin da manhajar ta fitar.

Barista_Garki
Batun asusun nan ma a rubuta shi, da ranar da aka gano.

Akanta_Wuse2
In sha Allah. Yau dai kwanan ofis ya kama ni duk da haka. Akwai wanda ya san ƙwararre a TM1 a nan Abuja, wanda ba sai an biya masa jirgi daga Legas ba?

Admin
Mai amsa ya tura masa ta akwatin sirri, kada a sa lambar kowa a nan.